Zanen cikin ɗaki da kala huɗu: me ke sa bango ya fito kamar alli?

Rabi'atu:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawara a kan zanen cikin ɗaki da fentin mai. Kala huɗu nake aiki da su: fari, baƙi, oka mai ruwan ɗorawa, sai ja. Ɗakin taga ɗaya gare shi ta hagu, da farin labule shara-shara, rana ba ta faɗowa ciki kai tsaye. Akwai kujera, tabarma, da tulu a lungu. Matsala biyu ce. Bangon da haske ke sauka a kansa yana fitowa fari fat kamar an goga alli, inuwa kuma sai ta yi datti, ba ta da rai. Kalolin ne suka yi kaɗan, ko a hannu matsalar take?

Malam Tijjani:
Wa alaikumus salam. Kalolin ba su yi kaɗan ba, Malama Rabi'atu. Wannan haɗin shi ake jingina wa Anders Zorn, mai zanen ƙasar Suwidin da ya rayu daga 1860 zuwa 1920. A hoton kansa da ya zana a 1896 ma ana ganin kalolin huɗu a jere bisa allon fentin da ke hannunsa. Tun kafin shi, marubucin Rum, Filini Babba, ya ambaci cewa manyan masu zanen Girka na dā da fari da rawaya da ja da baƙi suka yi aiki. Ba a nan gizo yake saƙa ba.

Abin da ya kamata ki duba shi ne rabon haske da duhu. Ki ƙaddara ma'auni mai mataki 9, a ce 1 baƙi ƙirin, 9 fari fat. A ɗakin da haske ke shigowa ta labule, taga da labulen kaɗai ke kaiwa 8 ko 9. Bangon da kika san fari ne, kusa da taga bai wuce 6 ba, can nesa ya sauka 4, lungu kuma 3. Ƙwaƙwalwa ce ke ce miki "farin bango ne", hannu kuma ya kai ga farin fenti. Da kin ba bango 8, kin cinye abin da za ki ba taga, hasken ya mutu.

Ga gwaji. Ki samu kwali mai ruwan toka, ki huda ƙananan ramuka biyu, tazarar yatsa uku a tsakaninsu. Ki miƙa hannu ki saita rami ɗaya a kan labule, ɗayan a kan bango. Idan kika ga su a keɓe haka, za ki ga irin duhun da bangon yake da shi.

Rabi'atu:
Na gode Malam. To ta ina zan fara kafin na taɓa kyallen zanen?

Malam Tijjani:
Da ƙaramin gwaji, bai wuce santimita 8 da 10 ba, da baƙi da fari kawai. Mataki huɗu za ki haɗa: 2, 4, 6, 9. Ki ƙanƙance ido har kayan ɗakin su daina rarrabuwa, ki ba kowane fili ɗaya daga cikin huɗun. Ba tsefe tabarma, ba kwalliyar tulu. Idan wannan ɗan gwajin bai ba da hasken ɗaki ba, babban ma ba zai bayar ba, ko da kala ashirin ne. Minti 15 ya isa. Ki yi uku, kina sauya inda kika yanke hoton.

Hajiya Bilkisu:
Abin da Malam Tijjani ya faɗa haka yake, amma zancen alli yana da dalili na biyu, kuma a cikin farin fentin yake. Duba jikin bututun, ƙanwata. Idan kin ga PW6, wato lambar da ke nuna sinadarin kalar, farin titaniyam ne. Shi wannan farin yana da ƙarfin rufewa sosai, kuma duk kalar da ya shiga sai ya sanyaya ta ya kashe mata kaifi (kala mai sanyi ita ce mai karkata shuɗi, mai ɗumi kuma mai karkata ja ko rawaya). Kin zuba shi a ja, ya koma ruwan hoda mai sanyi. Kin zuba a oka, ta koɗe. Saboda haka ba a haskaka kala da fari zalla a irin wannan zane. Ki fara haɗa farinki na aiki: kashi 8 fari, kashi 1 oka, ki murza da wuƙar fenti har ya yi ruwan madara. Da wannan za ki riƙa haskaka komai. Farin bututu ki ajiye shi sai ƙarshe, wuri ɗaya ko biyu a labule.

Ga yadda za a jera allon. Layi uku, kowanne mataki biyar daga duhu zuwa haske, a haɗa su kafin a fara:

Layin toka: baƙi da fari. Baƙin hauren giwa, wato PBk9, idan ya sha fari yana karkata zuwa shuɗi-shuɗi. Shi ne sanyinki.

Layin ƙasa: oka kashi 3, baƙi kashi 1, sai ɗan ja a bakin wuƙa. In babu jan, kore-kore zai ba ki irin na zaitun. Da jan, ruwan ƙasa.

Layin ɗumi: oka kashi 2, ja kashi 1, a karya shi da ɗigon baƙi.

Bango mai haske yawanci tsakanin layin toka da layin ƙasa yake zama, a mataki na 5 ko 6 na ma'aunin nan mai mataki 9. Waɗannan kason mafari ne kawai, domin ƙarfin fenti ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Jan kadmiyam, PR108, kaɗan ɗinsa ma yana rinjayar tuli guda, don haka shi ake ƙarawa a cikin tuli, ba tuli ake ƙarawa a cikinsa ba.

Garba:
Ni dai ban yarda da saka baƙi a hannun mai koyo ba. Shi ne ainihin abin da ke kawo dattin da take kuka da shi. Da zarar mutum ya ga inuwa sai ya ce baƙi. Ƙari kuma baƙin hauren giwa yana da jinkirin bushewa, ga shi in an shimfiɗa shi da kauri a ƙasa yana iya tsagewa daga baya. A cire shi, a sa shuɗin altiramarin, PB29, da siyena ƙonanniya mai ruwan ƙasa ja-ja. Su biyun nan in an haɗa su kusan daidai suna ba da duhu mai kusantar baƙi, kuma kana iya juya shi: ƙara shuɗi ya yi sanyi, ƙara siyena ya yi ɗumi. Fari, oka, siyena, altiramarin. Kala huɗu ne dai har yanzu, kuma don cikin ɗaki sun fi na Zorn, wanda a fatar mutum ya fi amfani.

Hajiya Bilkisu:
Malam Garba, haɗinka mai kyau ne, babu musu. Amma baƙi ba shi ke kawo datti ba. Datti kala ce da ta zauna a matakin da ba nata ba, ko ɗuminta bai dace da maƙwabtanta ba. Ɗauki wannan tokar da ake kira datti ka ajiye ta a inda ya dace, sai ta zama inuwa mai kyau. Kuma mai koyo da aka ba altiramarin yakan faɗa wani ramin: duk inuwa ta koma shuɗiya ko shunayya, ɗakin ya zama kamar da dare ake kallonsa.

Garba:
Wannan kuskuren ya fi sauƙin gyara a kan baƙin da ya riga ya shiga komai, Hajiya.

Malam Tijjani:
Ku biyun kuna da hujja, amma ɗakin ne zai raba gardamar. Idan babu wani abu mai shuɗi na gaske a ciki, bango ruwan madara, tabarma, tulun ƙasa, katako, to haɗin da ke hannunta ya wadatar. Tokar baƙi da fari, idan ta zauna gefen oka da ja, ido shuɗi yake ganinta. Idan kuwa akwai shuɗin zane a rataye, ko bangon da aka yi wa koren fenti, baƙi ba zai kai ba, sai a koma na Malam Garba. Abin da ba a so shi ne a haɗa duka shidan tun a zanen farko.

A duba aikin Vilhelm Hammershøi, ɗan Danmak, 1864 zuwa 1916. Mafi shaharar zane-zanensa na cikin gida a gidan da ya zauna ne a titin Strandgade lamba 30 a Kofanhegan. Ƙofofi, bango, taga, wani lokaci mace ta juya baya, wani lokaci babu kowa. Kusan komai toka ne, amma babu toka biyu da suke ɗaya: wata ta karkata kore, wata rawaya, wata shunayya. Wanda ya fi son kauce wa zana mai rai ma, ga fage nan a buɗe, domin ɗakin da babu kowa a ciki ya isa zane.

Rabi'atu:
Na duba bututun, PW6 ne. Zan ci gaba da huɗun nan tukuna. Amma inuwar fa? Me zan haɗa?

Hajiya Bilkisu:
Hasken da ke shigowa ta taga ba tare da rana ba, hasken sararin sama ne, mai sanyi. Don haka wajen haske ya karkata zuwa layin toka, inuwa kuma ta fi shi ɗumi. Haɗa baƙi kashi 2 da ja kashi 1, za ki samu duhu mai ruwan ƙasa. Ki buɗe shi da oka, ba da fari ba. Fari a inuwa ɗigo ne, idan ma ya zama dole. Kuma inuwa siririya ake shafa ta har ƙasan kyallen ya ɗan leƙo, haske kuma da kauri.

Buroshi biyu za ki riƙe, ɗaya na haske ɗaya na inuwa, kada su yi musaya. Yawancin dattin daga nan yake zuwa: buroshin da ya ɗebo fari ya shiga lungu. Tsumma a hannun hagu, goge bayan kowane shafa biyu ko uku.

Sai abu ɗaya da ake mantawa. Kada ki fara a kan farin kyalle. Ki tsinka layin ƙasan nan da tinna, wato ruwan tsinka fenti, ki shafe kyallen gaba ɗaya, ki goge da tsumma har ya tsaya a mataki na 4 ko 5, ki bar shi ya kwana. A kan fari fat, duk abin da kika ɗora zai yi miki kamar ya yi duhu, sai ki yi ta ƙara fari.

Injiniya Nura:
Bari in ƙara ta fuskar yadda hasken kansa yake tafiya. Haske yana raguwa da nisa, kuma da sauri. Ga ƙaramar fitila, in ka ninka nisa, kashi ɗaya cikin huɗu ne ya rage. Taga da yake tana da faɗi ba ta bin wannan lissafin daidai a kusa da ita, amma can cikin ɗaki tana kusantarsa. Ma'ana bango ɗaya ba kala ɗaya ba ne. Bangon da ke gefe, wanda ya tashi daga wajen taga ya nufi ciki, yana iya sauka mataki biyu daga wannan kai zuwa wancan.

Wurin da ya fi duhu a ɗakin sau da yawa shi ne bangon da tagar take jiki, domin hasken bai faɗa masa kai tsaye, sai abin da ya dawo daga sauran bangon. Masu koyo sukan haskaka shi saboda yana kusa da taga. Akasin haka ne. Duhun wannan bangon ne ke sa labulen ya yi walƙiya.

Sai hasken da ke dawowa daga ƙasa. Idan daɓen ja ne ko akwai jar darduma, ƙasan kujera da gindin bango da cikin tulu ta ƙasa za su ɗauki ɗan ja. A zana shi ta hanyar sauya ɗumi, kada a ɗaga matakinsa fiye da rabi. In ya kai hasken ɓangaren da ke fuskantar taga, tulun zai baje ya rasa zagayensa.

Sadiya:
Littattafan koyon zane suna cewa a nemi tagar da ke kallon arewa don haskenta ba ya canzawa. Haka ne a nan ma?

Injiniya Nura:
Wannan ƙa'idar ta Turai ce, inda rana da tsaka kullum ta kudu take. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta, rana da tsaka tana ratsawa ta arewa da kanmu, don haka tagar arewa na iya samun rana kai tsaye a waɗannan watannin, musamman da safe da yamma. Daga Oktoba zuwa Fabrairu kam tagar arewa lafiya lau take. Abin da ya fi sauƙi shi ne a zaɓi lokaci: taga ta gabas a yi aiki bayan azahar, ta yamma a yi da hantsi, kuma a tsaya a kan sa'o'i biyu iri ɗaya kullum. Da hasken ya juya a ajiye buroshi, kada a bi shi. Ranakun hazo na hunturu suna da daɗin wannan aikin, domin ƙurar da ke sama tana baza hasken, sai dai tana sa shi ya fi ɗumi, ya karkata rawaya.

Garba:
Hunturun nan kuma shi ke zuba ƙura a kan ɗanyen fenti. A jingina zanen yana kallon bango, saman ya taɓa bangon, ƙasan a ja shi baya kamar taƙi ɗaya. Kada a kwantar da shi yana kallon sama.

Malam Tijjani:
Akwai wani dalilin alli da ba a ambata ba: inda mai zanen ya tsaya. Ɗakin da kike zanawa ba shi da haske sosai, ke ma a ciki kike. Idan allon fentinki yana cikin duhu, duk haɗin da kika yi zai yi miki kamar ya yi duhu, sai ki ƙara fari. Da an fito da zanen tsakar gida sai a ga ya koɗe. Ki tsaya yadda hasken taga zai sauka a kan kyallen da allon daga gefe, su biyun haske ɗaya. Kada ki kunna ƙwan ɗakin, zai kawo inuwa ta biyu ya ɓata wadda kike zanawa. Kowane minti 20 ki ja da baya taku huɗu ko biyar ki duba.

Yanzu bakin abubuwa, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Taushin haske a bakin inuwa ake gane shi. Taga mai labule babbar kafar haske ce, don haka inuwar kujera tana da kaifi a daidai inda ƙafar ta taɓa ƙasa, tana nisa tana narkewa har ta ɓace. Ki zaɓi wurare uku ko huɗu kawai masu kaifin baki: katakon taga a jikin labule, gindin ƙafar kujera, bakin tulu ta wajen haske. Sauran a sassauta. Wasu ma a bar su su ɓace gaba ɗaya, misali bayan tulu inda duhunsa ya yi daidai da duhun lungu. Kada ki ja layi a wurin don kawai kin san akwai iyaka.

Kuma sassautawa ba ita ce goga busasshen buroshi a ko'ina ba. Wannan ke mai da zane hayaƙi-hayaƙi. Ki haɗa kalar da ke tsakanin biyun, ki ɗora ta a kan iyakar da shafa ɗaya, ki bar ta. In tazarar tana da yawa, matakai biyu a tsakani. Kusurwar da bango biyu suka haɗu ma ba baƙin layi ba ce, kala biyu ne suka yi karo.

Sadiya:
Wanda ba shi da fentin mai fa, sai akirilik? Ya fi samuwa kuma ya fi araha.

Hajiya Bilkisu:
Duk abin da aka faɗa na haɗi yana aiki. Bambanci biyu ne. Akirilik yana ƙara duhu in ya bushe, kamar rabin mataki, don haka a gwada a gefen takarda a jira ya bushe kafin a yanke hukunci. Na biyu, da zafinmu da bushewar iska, cikin 'yan mintuna ya ƙame, layukan da aka haɗa su lalace. A samu faranti mai murfi, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, a ɗora takardar gasa kek a kai, a haɗa fentin a bisanta. Ɗan abin fesa ruwa a kusa. Wajen sassauta baki, dabarar kalar tsakiya da Malam Tijjani ya faɗa ita ce mafita, tunda babu lokacin murzawa.

Rabi'atu:
Zan iya ɗaukar hoton ɗakin da waya in ci gaba da dare?

Garba:
Don tsarin layuka, e. Don haske, a'a. Wayoyin yanzu suna haɗa hotuna da yawa su haskaka inuwa su rage hasken taga, su kuma gyara launi da kansu. Ainihin tazarar da kike son kamawa ita suke sharewa. Amfanin waya shi ne ki ɗauki hoton zanenki, ki mai da shi baƙi da fari, ki ajiye gefen ɗan gwajin nan mai mataki huɗu. Nan take za ki ga inda bango ya haura.

Injiniya Nura:
Tunda an ambaci layuka: a fara sa layin ido, wato tsayin idonki daga ƙasa, a ja shi a kwance a kan kyallen. Duk layin da ke tafiya ciki, na rufi da na gindin bango da gefen tabarma, a can suke haɗuwa. In a zaune kika fara, a zaune za ki gama. Ki sa alama a ƙasa inda ƙafar kujerarki take.

Sannan tinna a rufaffen ɗaki ba abin wasa ba ne. A bar ƙofa a buɗe, a rufe kwalbar in ba a amfani da ita. Tsumman da ya sha man linsid, wato man da ake haɗa fentin mai da shi, kada a dunƙule shi a jefa kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a baje a waje, ko a jiƙa shi a ruwa cikin gwangwani. Kananzir kuma ba ya maye gurbin tinna a cikin fenti, ba ya tashi da wuri, yana barin maiƙo.

Rabi'atu:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe. A wani gwajin, bayan kwana biyu wuraren duhu sun dusashe sun yi fari-fari, alhali da ɗanye suna da zurfi. Fari ne ya shiga?

Hajiya Bilkisu:
Ba lallai ba. In da ɗanye suna da kyau, to ƙasan ne ya tsotse man. Yana faruwa idan tinna ta yi yawa a shafar sama, ko jeso, wato farin shafen da ake yi wa kyalle kafin a fara zane, bai kai ba. Shafar farko kaɗai ke son tinna zalla. Ta biyu fenti kamar yadda ya fito daga bututu, ta uku a ɗan ƙara mai, kashi 1 linsid kashi 1 tinna, a taɓa bakin buroshi kawai. Mai yana ƙaruwa ne daga ƙasa zuwa sama, in aka juya tsarin sama ta riga ƙasa bushewa ta tsage.

Wanda ya riga ya dusashe, ki jira ya bushe har in kin taɓa bai kama yatsa ba. Ki ɗiga linsid kaɗan a tsumma marar gashi, ki shafa a wurin da za ki sake yi wa aiki kawai, ki goge har ya zama kamar ba ki sa komai ba. Zurfin zai dawo, sai ki ɗora sabon fenti a kai. Wuraren da kin gama da su ki bar su, banish, wato shafen ƙyalli na ƙarshe, zai daidaita su, amma shi sai zanen ya yi wata shida. Kyalle na gaba kuma ki yi masa jeso sau uku, kina barin kowace shafa ta bushe.